Masu Jiki da Lilon Magic Land

Ranar yawon Sallah, hirar iyaye a wurin shaƙatawa na Magic Land, kusa da filin wasa na ƙasa a Abuja, ta koma kan ko masu jiki za su iya hawa lilo. Galibi sun yarda cewa sandar ƙarfen da ke sauka kan cinya da tsawon bel sun fi nauyin mutum muhimmanci. Saboda haka kafin ka shiga layi, tambayi mai kula da lilon a natse.

Babbar riga ko lafaya a ajiye. Waya da makullai su fita daga aljihu. Zauna ka jingina sosai, ka tabbatar sandar ta kulle. In ba ta kulle ba, sauka kawai, kar a danne ta da ƙarfi.

Wata hajiya kuwa ta ce ita dokin katakon yara ya ishe ta.