Canja maganin ciwon damuwa ya rikice mini, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Don Allah idan akwai likitan ƙwaƙwalwa ko masanin magunguna a cikinku, a taimaka mini.

Ina zaune a Rijiyar Zaki, shekara 2 ke nan ina shan amitriptyline, miligiram 50 da daddare, saboda ciwon damuwa. Ya yi mini aiki, ba zan ɓoye ba, amma bakina kullum a bushe, bayan gida da ƙyar, ga nauyin barci har sallar asuba na wuce ni. Sai likita ya rubuta mini sertraline miligiram 50 da safe, ya ce in riƙa rage tsohon a hankali. Layi ya yi tsawo ranar, ban tsaya na tambaye shi "a hankali" kwana nawa ba ne, kuma sai bayan mako 6 zan koma.

Ni kuwa da gaggawa irin tawa na daina tsohon gaba ɗaya. Kwana 3 ke nan jiri, tashin zuciya da munanan mafarkai suna damuna. Mai kemis na unguwarmu ya ce in haɗa biyun kawai, amma na ji tsoro, domin sertraline na iya ƙara yawan amitriptyline a jini. Ga tramadol da nake sha jefi-jefi don ciwon baya, wanda haɗa shi da irin waɗannan magunguna kan iya sa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin ya yi yawa, har a kai ga zazzaɓi da karkarwa.

Shin in koma rabin ƙwayar tsohon kafin in ga likita, ko in tafi asibiti gobe ba tare da jiran ranata ba?