Yaron nan mawaƙi ne ko maroƙi?

Ɗan Hausare: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana tara da na sa muku albam ɗin yaron nan na bayan layinmu, ko mutum ɗaya bai ce uffan ba. Da wani ne ya yi tari a Kano ya ɗora a TikTok, da tuni kun cika mana waya. Waƙa bakwai ne, shi ya rubuta, shi ya haɗa kiɗan a kwamfutar yayansa, a ɗakin da ya jingina katifa biyu a bango don kada ƙarar moto ta shigo. In ka sa abin kunne a waƙa ta uku za ka ji zakaran maƙwabta ya yi cara can baya, bai goge ba. Ta biyun kuwa, inda yake zancen zafin Afrilu, kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, kowa ya fito da tabarma tsakar gida, uwa tana yi wa yara fifita da guntun kwali har gyangyaɗi ya kwashe ta, wallahi ina saukowa daga gadar Binuwai ta shigo, sai da na faka moto na gama ji. Ni dai bana ban ji abin da ya fito daga Kano ko Kaduna da ya kama ƙafarsa ba. Ga shi yaro mai zaman kansa, ba kamfani, ba ubangida. Mawaƙi ne, ba maroƙi ba. Laifinsa ɗaya, ɗan Garwa ne.

Jikan Makaɗa: Hamma, dakata. Me kake nufi da "ba maroƙi ba"?

Ɗan Hausare: Ina nufin ba ya bin ƙofar gidajen masu kuɗi.

Jikan Makaɗa: To kakana maroƙi ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Kalangu ya yi wa mahauta tun yana saurayi har hannunsa ya daina ɗaukar makaɗi. Da kalangun nan ya gina gidan da aka yanke mini cibi, da shi ya je Makka. Ranar hawan salla in ba irinsu, wa zai san Lamido ya fito? Yau kuma an samu yaro da kwamfutar aro, sai a ce sana'ar kakanninmu ce abin gori.

Ɗan Hausare: Ni ban ambaci kakanka ba fa. Ka ji albam ɗin tukuna?

Jikan Makaɗa: Ba zan ji ba sai ka janye kalmar.

Malamin Lekol: Ku biyun kuna cakuɗa abubuwa. Makaɗi daban, mawaƙi daban, ɗan amshi daban, sanƙira daban. Sanƙira shi ne wanda ke tsaye gefe yana ɗaga murya, yana shelar kyautar da aka yi da sunan wanda ya yi ta. "Maroƙa" kuwa suna ne da aka daɗe ana yi wa sana'ar baki ɗaya, don a da ba a sayar da waƙa, wanda aka wasa shi ke biya. Ba zagi ba ne a asali. Zamani ne ya mayar da shi haka.

Adda Mai Ɗinki: Malam, kowa ya san haka, amma ka ba maroƙi 'yarka mu gani.

Jikan Makaɗa: Adda, ashe har da ke. Wa ya yi kiɗan bikin ƙanwarki a Yelwa har asuba, aka sallame shi da atamfa ɗaya?

Adda Mai Ɗinki: Atamfa biyu. Kuma super ce.

Mai Loda Waƙoƙi: Ni tambaya ɗaya gare ni. Ƙarƙashin bidiyon da ya sa a YouTube akwai lambar tura kuɗi ta Orange Money, akwai ta MoMo, an rubuta da Faransanci a tallafa wa mawaƙi. Wannan ɗin menene sunansa? Kakan wancan yana miƙa hula, jikan zamani yana miƙa lamba. Ni ban ga bambanci ba sai dai shi na yanzu ba ya shan rana.

Ɗan Hausare: Bambancin a fili yake. Shi ba ya cewa ba ni in yabe ka, ko ka hana ni in yi maka zambo. Ya gama aikinsa ya ajiye, wanda ya ji daɗi ya biya. Kai kuma kai ne na ƙarshen wanda zai yi magana a nan. Jiya-jiya na wuce teburinka a babbar kasuwa, kana zuba wa mutane albam ɗin a memori, sefa 500 a cika. Nawa ka aika masa?

Mai Loda Waƙoƙi: Talla nake yi masa kyauta. Ba don irina ba wa zai ji shi a Pitowa ko Gidar? Tsohuwar da ke da 'yar ƙaramar waya mai maɓalli ina ruwanta da Audiomack? Kuma mutum uku kawai suka nema, ɗaya ma ya dawo ya ce in cire in sa masa na biki.

Ɗalibin Ngaundere: Ku bar ganin laifinsa don ya sa lamba. Spotify sai 2021 ya shigo Kamaru, kuma tun 2024 duk waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ko sisi ba ta samu a can. Mu nan wa ke biyan kuɗin wata don jin waƙa? Mutum ɗaya ya sauke, saura su karɓa ta Xender. To da me zai sayi data, balle makirfo? Af, kuma da waƙa shida ya yi da EP, wato ƙaramin albam, za a kira shi, ta bakwan ce ta cece shi, ita ma kiɗa ne zalla ba baiti.

Na Kusiri: Ni na ji shi sau biyu a hanyar Marwa. Muryarsa tana da kyau in yana ƙasa-ƙasa, in ya hau sama sai na'urar gyaran murya ta shaƙe shi kamar mai mura. Ta huɗun ta fi burge ni, inda garaya ke tafiya ita kaɗai kafin ganga ta shigo, yana baiti ɗaya da Hausa ɗaya da Fulatanci. Ta biyar tsawo kawai.

Adda Mai Ɗinki: Ku bar zancen ta huɗu da ta biyar, ku je ta shida. Minti biyu da rabi yana kiran sunan wani Alhaji mai motocin dakon auduga, da sunan uwargidansa, da na 'ya'yansa har autan. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya. Ina taka keken ɗinki ina ji, na zata wa'azin ɗaurin aure ne za a fara raba goro. Wannan ne ba ubangida?

Jikan Makaɗa: Allahu akbar! Adda na yafe miki atamfa.

Ɗan Hausare: Godiya ce. Mutum ya saya maka janareto ka yi aiki, ba za ka gode masa ba? Yaba kyauta tukwici.

Jikan Makaɗa: Hamma, abin da kakana ya yi shekara da shekaru ke nan. An ba shi, ya gode da baki da ganga. Ku in naku ya yi sai ku ce godiya, in namu ya yi ku ce roƙo. Shata da ya rasu a 1999 har yau ana sa shi a kowace tashar mota daga nan har Njamena, sunayen mutane ne cike da waƙoƙinsa, wa ya isa ya raina shi?

Malamin Lekol: Ɗan Maraya Jos ma, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai ne da kuntiginsa, babu ɗan amshi, yana yi wa talaka waƙa. In zaman kai ake nema, ba yau aka fara ba.

Mai Loda Waƙoƙi: Su biyun nan su ne ke ciyar da ni a teburin nan, ba yaronku ba.

Ɗan Domayo: Ni abin da ke ba ni dariya shi ne "laifinsa ɗan Garwa ne". Yaushe Garwa ta zama abar tausayi? Gidan rediyo ku, filin jirgi ku, ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport ku, gasar kofin Afirka da aka yi a 2022 ma a filin Rumde Ajiya aka buga muku. Yaran Marwa nawa suka fitar da waƙa bara, wanne ka taɓa sa mana a zauren nan?

Ɗan Hausare: Kawo ɗaya mu ji.

Ɗan Domayo: Ba zan kawo ba, ka nema da kanka. Kuma Hausar yaron naku, a ta ukun cewa ya yi "yarinya ya tafi". A Kano aka ji wannan sai an yi mako ana dariya.

Adda Mai Ɗinki: Kai da kake ce wa matarka "ya dafa" kake gyara wa wani Hausa?

Ɗan Domayo: Adda ki bar iyalina a waje.

Na Kusiri: Jama'a, akwai wanda ya ji ta huɗun kuwa?

Kawu Direba: Ɗan Hausare, tunda na gan ka a nan. Mai zaman kansa ya burge ka, to ka zauna da kanka ka biya zubin adashen wata biyu da ke kanka. Na kira ka sau huɗu, kana kan gada kana kuka.

Ɗan Hausare: Kawu, wannan ba wurinsa ba ne. Kuma ban ce na yi kuka ba.

Kawu Direba: Ina ne wurinsa? Ko in sa lambata ƙarƙashin bidiyo ni ma?

Jikan Makaɗa: Har yanzu ina jiran a janye kalmar.

Ɗan Hausare: Ban zagi kowa ba, ba abin da zan janye. Mutum ashirin da bakwai a zauren nan, ɗaya ne tak ya ji albam ɗin har ƙarshe, shi ma daga Kusiri.

Adda Mai Ɗinki: Ni fa? Da wane kunne na ƙirga sunan Alhaji?

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, dare ya yi. Na bi maganar tun daga sama, ga abin da ta tsaya a kai. Mafi yawan masu hankali a nan sun yarda yaron ya yi abin a zo a gani, kuma Garwa ta sake nuna ita ce gaba a harkar kiɗa a arewacin ƙasar nan, ko da wasu daga wani gari ba su ji daɗin hakan ba, kuma da aka ce su kawo nasu sun kasa. Zancen maroƙi, Malam ya warware shi: ba zagi ba ne, don haka ba a zagi kowa ba, babu abin janyewa. Batun waƙa ta shida ban ga dalilin tayar da shi ba. Alhajin da ake magana mutumin kirki ne, na san shi tun kafin ya auri ƙanwar maiɗakina, bai taɓa neman a yabe shi ba, sau goma sha ɗayan ma ai bai kai alherinsa ba. Mai taka keke ta kula da zarenta. Ni ban samu sukunin jin albam ɗin duka ba saboda data, amma ta shidan na ji ta sau uku, ita ce ta fi kowacce tsari. Mai Loda ka zuba mini sauran gobe in na biyo ta kasuwa, ba zan biya 500 ba. Kawu, maganar adashe ku same ni bayan la'asar. Na rufe zaure sai da safe.