Disamba bayan rangadi: makaɗin rok da ya bar giya, ga kuma rashi

Mai haɗa sauti, Landan

Assalamu alaikum. Ina so mu tattara abin da kowa ya sani, mu da muke aiki da mawaƙan rok a Turai da Amurka ko muke jinyarsu. Ga yanayin: mawaƙi ne ko makaɗi, bai fi shekara ɗaya ko biyu da barin giya ko ƙwaya ba, sai kuma aka yi masa rasuwa a cikin shekarar, abokin kiɗa ko mahaifiya ko ɗa. Rangadi ya ƙare a tsakiyar Disamba.

Na waje yana ɗauka a kan hanya haɗarin yake. Amma hanya tana da tsari: ƙarfe biyu a sauke kaya, huɗu a gwada sauti, tara a hau dandamali, biyun dare mota ta tashi. Kowa ya san inda kowa yake. Ranar da aka ajiye shi a ƙofar gida, tsarin nan ya tafi gaba ɗaya. Kuɗin rangadi sun shigo asusu, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a nan Landan, kowane kanti ya jera kwalabe tun daga bakin ƙofa saboda Kirsimeti, kuma wanda ya saba kira idan dare ya yi tsawo shi ne wanda aka binne. Ku kawo abin da ke aiki, da abin da ke rushewa da dalilinsa.

Nas, sashen masu shaye-shaye, Mancesta

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai a raba mutum biyu, domin idan aka haɗa su a shawara ɗaya ana iya kashe ɗaya.

Na farko har yanzu yana sha kullum, ya ce ranar 1 ga Janairu zai yanke. Wannan kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya kullum, idan aka tsayar masa farat ɗaya, tsakanin awa 6 zuwa 24 rawar hannu da gumi da tashin zuciya za su fara. Cikin kwana biyun farko jijjiga irin ta farfaɗiya tana iya zuwa. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ne mafi muni: ruɗewa, gane-gane, zazzaɓi, bugun zuciya, kuma wannan yana kisa. A Birtaniya muna ƙidaya da awo: babban kofin giya mai ƙarfin kashi 4 awo 2.3 ne, kwalbar barasa mai ƙarfin kashi 40 ta mililita 700 awo 28 ce. Wanda ya wuce awo 15 a rana sai da kulawar likita. Wanda ya wuce 30, ko ya taɓa jijjiga, kwantar da shi ake yi. Ana ba da chlordiazepoxide, maganin kwantar da jijiyoyi, ana rage shi a hankali cikin kamar mako guda, tare da bitamin B1, saboda rashinsa yana lalata ƙwaƙwalwa lalacewar da ba ta gyaruwa.

Na biyu ya riga ya daina. Shi kuma haɗarinsa jikinsa ya manta, ƙwaƙwalwarsa ba ta manta ba. Idan ya koma, da tsohon adadin zai koma. Mawaƙiya Amy Winehouse ta yi 'yan makonni ba ta sha ba kafin ta koma, ta rasu ranar 23 ga Yulin 2011, bincike ya samu miligiram 416 na barasa a kowace mililita 100 ta jininta, alhali iyakar tuƙi a Ingila 80 ce.

Akwai magungunan riƙe mutum kada ya koma sha, kuma Disamba ce lokacin neman su, tun kafin asibitocin unguwa su tafi hutu. Acamprosate ƙwaya biyu sau uku a rana ga wanda ya kai kilo 60, bayan an duba ƙoda. Naltrexone miligiram 50 sau ɗaya a rana, amma ba a haɗa shi da kodin ko tiramadol ko danginsu, sai jiki ya yi kwana 7 zuwa 10 babu su. Disulfiram yana sa mutum amai da bugun zuciya idan barasa ta shiga jikinsa, har wadda ke cikin ruwan kuskure baki da wasu turaruka, don haka a karanta jikin kwalba.

Manajan rangadi

Hajiya ta gama magana a kan giya. Ni ƙwaya zan ƙara, musamman ga masu aiki a Amurka. Ƙwayar da aka saya a hannun wani, ko da tana da tambarin kamfani, tana iya zama ta jabu mai fentanil, wani maganin kashe ciwo mai tsananin ƙarfi, kuma miligiram 2 nasa ya isa kisa. Haka mawaƙi Prince ya tafi a Afrilun 2016. Tom Petty kuma ya yi wasanni 53 da karayar ƙugu, ya rasu a Oktoban 2017 saboda magungunan kashe ciwo da suka haɗu suka yi masa yawa, mako guda bayan kammala rangadi. Ciwon baya, ciwon kafaɗa, ciwon wuyan hannu na mai ganga, ta nan ƙofar take buɗewa. Duk likitan da zai rubuta maganin ciwo a gaya masa tun farko cewa mutumin nan yana da tarihin shaye-shaye.

Naloxone na fesawa a hanci, maganin farfaɗo da wanda fentanil ko danginsa suka sumar, wanda ake kira Narcan, tun 2023 ana sayar da shi a Amurka ba da takardar likita ba. Guda biyu a mota, guda biyu a akwatin bayan fage, kuma idan rangadi ya ƙare a ba shi ya tafi da su gida, a nuna wa matarsa ko wanda suke zaune tare. Alamar ita ce mutum ba ya farkawa, numfashi ya yi ƙasa ko yana wani minshari, leɓe ya sauya launi. A kira lambar gaggawa, 911 ko 999 ko 112, a fesa a hanci ɗaya, idan bai motsa ba bayan minti biyu ko uku a fesa na biyu a ɗaya hancin, a kwantar da shi ta gefe. Kuskuren da aka fi yi: ya farka, kowa ya ce alhamdulillahi, a soke motar asibiti. Ƙarfin maganin yana ƙarewa tsakanin minti 30 zuwa 90, ƙwayar tana nan a jiki, sai ya sake suma babu kowa kusa.

Direban motar rangadi

Wasannin ƙarshen shekara, daren 31 ga Disamba musamman, su ne suka fi biya, don haka da wuya a ƙi su. Gyaran daga takardar buƙatu yake farawa, wadda ake aika wa masu wurin wasa tun makonni kafin a zo. A rubuta ɓaro-ɓaro: ɗakin shiri babu barasa, firij a kwashe shi kafin mu iso. Idan ba a rubuta ba, za ku buɗe ƙofa ku tarar da katan biyu a kan ƙanƙara, domin haka suka saba karrama baƙo. Tikitin sha kyauta da ake rabawa kada su biyo ta hannunsa. Kofinsa a naɗe shi da salatif mai launi, ruwansa a kwalba mai murfi wadda shi zai buɗe, saboda a kan dandamali cikin duhu kofuna duk iri ɗaya ne, kuma akwai masoyan da ke miƙo kofi daga ƙasa.

Minti 90 na bayan wasa su ne masu zafi. Jini yana tafasa, barci ba zai zo ba, ga mutane cike da ɗaki. Abinci mai zafi ya kasance a ajiye, mota tana jira a ƙofar baya, kuma a tsayar da lokacin tashi tun da rana. Wanda ya ce "bari in ɗan gaisa da mutane" ba tare da lokaci ba, shi ake nema ƙarfe huɗun asuba.

Mai haɗa sauti, Landan

Yaya direba, giyar da ake cewa ba barasa fa? Wasu suna sa ta a takardar.

Direban motar rangadi

Ni ban yarda da ita ba a shekarar farko. A Amurka tana iya ɗauke da har kashi 0.5, kuma ko babu komai, ƙamshin da sanyin kwalbar a tafin hannu su ne suke tada tsohon tsumi. Akwai waɗanda suka daɗe da dainawa tana yi musu amfani, wannan tsakaninsu da mai kula da su.

Mai ba da shawara kan makoki

'Yan'uwa, ku ba ni dama in tsaya a kan rashin, domin shi ne ake tsallakewa. Rangadi yana jinkirta makoki ne kawai. Mutum ya binne abokinsa ranar Talata, Juma'a yana kan dandamali, wani yana tsaye a inda marigayin yake tsayawa. Sai a Disamba, da shiru ya sauka, kukan yake isowa, shi kuma ya ɗauka wani abu ne ya lalace a jikinsa tunda wata bakwai sun wuce. Babu abin da ya lalace. A gaya masa wannan tun kafin ya faru.

Aikin farko da kalanda ake yi. A zauna da shi a zagaye ranaku: ranar rasuwa, ranar haihuwar marigayin, ranar da suka saba haɗuwa, Kirsimeti, daren sabuwar shekara. Kowace rana a rubuta inda zai kwana da sunan wanda zai kasance da shi. Ranakun nan suna da nauyi na gaske. Chester Bennington ya yi waƙa a jana'izar amininsa Chris Cornell a Mayun 2017, shi kuma ya kashe kansa ranar 20 ga Yuli, ranar haihuwar Cornell. Saboda haka idan kun ga alama, yana rabar da jitocinsa, yana cewa ya zame wa mutane kaya, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. A Amurka lambar agajin masu irin wannan tunani, 988, tana aiki dare da rana, a Birtaniya ana samun ƙungiyar Samaritans a 116 123.

Akwai kuma wanda ya tsallake. Eric Clapton ya daina sha a 1987, a Maris na 1991 ɗansa mai shekara huɗu ya faɗo daga tagar dogon bene ya rasu, kuma bai koma ba. A 1998 ya buɗe cibiyar jinyar masu shaye-shaye ta Crossroads a tsibirin Antigua. Ina kawo shi ne ga masu cewa bayan irin wannan rashi dole a koma.

Idan shekara ta zagayo mutum bai iya aiki ko cin abinci ko taɓa kayan kiɗansa ba saboda begen mamacin, wannan ya wuce makokin da lokaci ke sassautawa, yana da suna a littafin likitoci kuma yana da magani. MusiCares a Amurka, Help Musicians da Music Support a Birtaniya, duk suna haɗa masu wannan sana'a da masu ba da magani da shawara, har ma'aikatan bayan fage.

Tsohon makaɗin jita

Kan godiya zan yi magana, tunda ƙarshen shekara ne mawaƙa suke son rubuta doguwar wasiƙa ga masoya. Godiyar da ke riƙe mutum ta kullum ce, ƙarama. Littafi a gefen gado, abu uku kowane dare, kuma da suna da dalili. "Na gode da iyalina" bayan mako guda ya zama fatar baki. "Mai ganga ya jira ni a mota minti arba'in bai ce komai ba", wannan yana zama. Ranar da ba abin rubutawa, a rubuta cewa an kwanta ba a sha ba. Kada kuma a tilasta wa mai makoki ya ce ya gode da rashin da ya yi. Yana iya gode wa Allah da shekarun da suka yi tare, ya kuma yi kuka a shafi ɗaya.

Sanar wa duniya adadin kwanaki a Instagram, a shekarar farko, ina ganin a dakata. Idan ya zame, kunyar mutum dubu ɗari za ta sa ya ɓoye, ɓoyewar kuma ita ce take mayar da kuskuren dare ɗaya ya zama wata uku. A ƙungiyar AA, ta masu taimakon juna wajen barin giya, ana ba da ɗan tsabar ƙarfe na awa 24, na kwana 30, 60, 90, da na shekara. Wannan a aljihu ya isa, waɗanda suka kamata su sani sun sani. A manyan birane ƙungiyar tana yin zama a jere dare da rana a Kirsimeti da sabuwar shekara, a nemi adireshin tun ranar 20. Wanda bai son salon AA akwai SMART Recovery, Musulmi kuma akwai Millati Islami da aka kafa a Baltimo, wadda ta ɗora matakan daina shaye-shaye a kan Alƙur'ani da Sunna.

Neman yafiyar waɗanda aka ɓata wa, kada a yi shi da saƙon waya a daren 31 cikin zumuɗi. A rubuta sunaye, a nuna wa mai kula, a fara da wanda ake bin bashin kuɗi a biya shi.

Nas, sashen masu shaye-shaye, Mancesta

Baba, Allah Ya saka. Saura idan ya zame ɗin. James Hetfield na ƙungiyar rok ta Metallica ya shiga jinyar shaye-shaye a 2001, ya sake komawa a Satumban 2019, ƙungiyar ta ɗage rangadin Ostareliya da New Zealand. Shekara goma sha takwas ke nan tsakani, kuma ɗage wasan shi ne daidai.

A aikace: cikin awa 24 ya faɗa wa mutum ɗaya. A zubar da abin da ya rage, a karɓi makullin mota. Idan dare ɗaya ne, abinci, ruwa, barci, washegari zama da mai kula. Idan ya jera kwanaki yana sha sosai, ya koma layin mutum na farko da na faɗa, likita ne zai sauke shi. Idan ƙwaya ce, kada ya kwana shi kaɗai ko a ɗaki mai kulle, naloxone yana kan tebur inda za a gan shi. Wanda ya bugu har ba ya amsawa, ba a barin sa ya "yi barci ya warware". A kwantar da shi ta gefe, gwiwar sama a lanƙwashe, a kira motar asibiti, a zauna kusa ana ƙidaya numfashinsa. Idan ya gaza takwas a minti, a faɗa wa wanda ke kan waya nan take.