Tambaya ga magina: siminti na cin hannun ɗalibai masu leburanci

Assalamu alaikum, iyayen gidana magina. Ana zuba dakin, wato kankaren rufin bene, a ginin ɗakunan kwanan ɗalibai kusa da Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, Katsina, kuma yawancin leburorin ɗalibai ne masu neman na kashewa lokacin hutu.

Haɗin 1:2:4 ake yi: buhun siminti mai kilo 50 (wato kwano 2), kwano 4 na yashi, 8 na tsakuwa, ana hawa da shi a ka. Matsalar ita ce ruwan kankare na tsiyayowa daga kwano ya jiƙa hannu da wuya, kwana biyu fata ta tsage, wani har gyambo tsakanin yatsu. Safar hannu ta yadi ta fi ɓarna, don tana shan ruwan simintin ta riƙe shi a jikin fata. Ta roba kuwa gumi ke cika ta, tsakuwa ta huda ta kafin azahar. An rage ruwan haɗin, sai kankaren ya ƙi bin tsakanin rodi.

Tsayawa kuma ba ta yiwuwa, don zafin Afrilu na sa kankare saurin kamawa.

Wace safa ce ke jure yini guda? Kuma man kaɗanya kafin fara aiki yana karewa, ko ƙara riƙe simintin yake?