Ta ina ake fara gwagwarmayar haƙƙin mata in babu kuɗi?

Ummu Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Mu 'yan kaɗan ne muka haɗu muna so mu yi wani abu kan yadda ake danne mata, yarinya a cire ta daga makaranta, mace ta yi aiki ɗaya da namiji a biya ta ƙasa da shi, gadonta a cinye, in za a yanke shawara ko kiranta ba a yi. Ba mu da ofis ba mu da mai ɗaukar nauyi, kuma ba na so ya zama taron yini ɗaya a ɗauki hoto a watse. Ta ina ake kamawa?

Tsohuwar Malama:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Abu huɗu kika lissafo, toh ku ɗauki ɗaya tak tukunna, wanda za ku iya cewa wane ne ke da ikon gyara shi kuma ku je ku same shi. Sannan kar ku kira mata taro, ku ne za ku bi su inda suke haɗuwa. Haka Nana Asma'u ta yi da 'Yan Taru tun ƙarni na 19, ta koyar da jajis, wato matan da ke jagorantar sauran, su kuma suka shiga ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu, ba ta jira an gina mata aji ba. Ni wannan tsarin har yau ban ga wanda ya fi shi ba, kowace mace ɗaya da kuka fahimtar ku ɗora mata nauyin wasu biyar.

Mai Asusu:
Gaskiya Anti ta faɗi magana, amma ni dai ta aljihu zan fara. Matar da ba ta da ko sisi nata na kanta ko ta san haƙƙinta da wuya ta buɗe baki. Ku duba Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Nijar a 1991, mata ne ke zuba ɗan abin da ya samu duk mako a akwati suna ranta wa juna, ba wanda ya kawo musu jari daga waje, kuma yanzu ƙasashe da yawa sun kwaikwayi tsarin. A Indiya ma ƙungiyar SEWA ta mata masu sana'ar kansu da aka kafa a 1972, a 1974 mata 4,000 suka haɗa rupee goma goma suka buɗe bankinsu. Abin da ke burge ni shi ne zaman mako makon nan, a nan ne maganar dukan da ake wa mata da ta makaranta ke fitowa da kanta ba sai an tambaya ba.

Ɗan Uwanku:
'Yan uwa mata ku yi haƙuri in sa baki. Kar ku bar maza a baya wallahi, musamman limamai da dattawa. A Senegal da matan ƙauyen Malicounda Bambara suka ce sun daina kaciyar mata a 1997, wani limami Demba Diawara ne ya ce gari ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba tunda ana auratayya, ya dinga bin ƙauyuka yana magana da danginsa har ƙauyuka 13 suka yi shela tare a 1998.

Mai Asusu:
Haka ne Malam, a tafi da ku amma ba sai an jira izininku ba fa. Matan Laberiya a 2003, Musulmi da Kirista cikin fararen kaya, su suka zauna a ƙofar zauren sulhun yaƙin basasar ƙasarsu a Akara, babban birnin Ghana, suka hana wakilai fita sai an yi da gaske.

Ummu Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun tsaya kan 'yan matan da aka cire daga makaranta. Sai dai ina tsoron iyaye su ga kamar tona musu asiri muke.

Tsohuwar Malama:
Kar ku sa sunan kowa ko hoto a Facebook. Ku je bibbiyu, ɗaya ta zama wadda gidan ke ganin girmanta, ku tambayi me ya hana yarinyar zuwa, don wani gidan kuɗin littafi ne wani nisan hanya wani kuma rashin banɗakin mata a makarantar. Ku rubuta dalilan kawai da adadin yaran, wannan takardar za ku kai wa shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai kafin a koma zango na gaba.