Wa ya taɓa zuwa Machu Picchu? Ina neman shawara kan hanya

Baban_Ilham:
Salamu alaikum jama'a. Wajen aikinmu za su tura ni taro Lima babban birnin Peru a watan Fabrairu, biza da jirgi duk su suka ɗauki nauyi, kuma bayan taron ina da 'yan kwanaki kafin in juyo. To na ce tunda Allah ya kai ni har can ai bai kamata in dawo ban ga kufan nan na Machu Picchu ba. Tambayata, zan iya tashi daga Lima da asuba in je in gani in dawo a ranar? Kuma wai dole sai an yi tafiyar ƙafa ta kwana da kwanaki a daji? Don ni gsky gwiwar sai a hankali.

Anti_Zulai:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham zuwa da dawowa a rana ɗaya daga Lima kam cire shi a ranka, wahala kawai za ka sha. Daga Lima jirgin sama za ka hau zuwa Kusko, wajen awa ɗaya da rabi, daga Kusko mota ta kai ka wani gari Ollantaytambo kusan awa biyu, a nan ne za ka shiga jirgin ƙasa, kamfani biyu ne PeruRail da Inca Rail, ya bi da kai gefen kogin Urubamba har wani ɗan gari da ke gindin dutsen, Aguas Calientes. Titin mota bai shiga garin nan ba, ko jirgin ƙasa ko ƙafa. Ka kwana a can, da sassafe ka bi layin bas, minti 25 zuwa 30 tana ta lanƙwasa tana hawa har bakin ƙofa. In ka zauna ta gefen taga kuma kana da tsoron rami to ka kama salati.

Amma abin da zan ja kunnenka a kai shi ne tikitin shiga, shi za ka fara saya ta intanet tun kana gida kafin ma na jirgin ƙasa, saboda adadin mutanen da ake bari su shiga kullum ƙayyadadde ne, kuma kowane tikiti da lokacinsa da hanyar da zai bi a ciki. Ka duba da kyau ka zaɓi hanyar da ke hawa sama inda ake ɗaukar hoton nan da kowa ya sani, ba duka ne ke bi ta wajen ba. Fasfo ɗinka na ainihi za ka riƙe don sai sun haɗa sunan da na tikiti. Ban ɗaki kuma a waje yake bakin ƙofa, babu a ciki, ka gama uzurinka kafin ka shiga.

Wajen ya cancanci wahalar wlh. Tun wajen 1450 aka gina shi zamanin Pachacuti sarkin Inka, wato daular da ke mulkin yankin a lokacin, Turawan Sifaniya suka ci ƙasar amma ba su taɓa kaiwa gare shi ba shi ya sa bai rushe irin na sauran ba, sai a 1911 wani Ba'amurke Hiram Bingham ya je mutanen yankin suka nuna masa, duniya ta sani. Ni abin da ya tsaya min a rai bangon ɗakin bautarsu na rana ne, manyan duwatsu an sassaƙe an jera ba siminti ba laka, na sunkuya ina neman inda ko reza za ta shiga tsakaninsu ban samu ba. Ga magudanan ruwa da suka fafe a dutse har yau ruwa na bi.

Dr_Sambo:
Anti ta gama magana kan hanya, ni lafiya zan taɓo don mutane Machu Picchu suke tsoro alhali Kusko ce matsalar. Kufan yana kan mita 2,430, wato ya ɗan ɗara Chappal Waddi na Taraba wanda shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, amma Kusko tana wajen mita 3,400, kuma kai daga Lima za ka taso wadda take bakin teku. Cikin awa biyu jikinka ya tsinci kansa inda iskar ta yi ƙaranci, sai ciwon kai, haki, tashin zuciya, barci ya ƙi zuwa. Shawarata kana sauka kada ka kwana Kusko, wuce Ollantaytambo kai tsaye tunda ita wajen 2,800 ce, ka bar yawon Kusko sai a dawowa jiki ya saba. Sha ruwa sosai, tafiya a hankali.

Sannan Malam ka san jininka? Wannan mu ya fi shafa. Mai sikila bai kamata ya hau irin wannan tudu ba sai da izinin likitansa, kuma ko mai AS da yake ganin lafiyarsa ƙalau saifarsa na iya samun matsala a can. In ka ji ciwo mai tsanani a hagun cikinka ta sama kada ka ce kwanciya zan yi ya wuce, asibiti, kuma ka faɗa musu jininka. Shayin ganyen koka (ganyen da ake haɗa hodar ibilis da shi) da ake ba baƙi a otal kuma, a can halas ne a dokarsu, amma ko ganye ɗaya kada ya biyo ka cikin jaka zuwa filin jirginmu.

Abba_Yawo:
Hhh Anti jirgin ƙasan nan fa tsada gare shi, mu talakawa ta Hidroelectrica muke bi, wata tashar wutar lantarki ce inda titin mota ya ƙare. Ƙaramar bas daga Kusko awa shida zuwa bakwai ta Santa Teresa, sai ka sauka ka taka gefen layin dogo wajen kilomita 10 har Aguas Calientes, shimfiɗaɗɗiyar hanya ce ba hawa. Ka shafa maganin sauro dai, akwai wasu ƙananan ƙudaje masu cizo, ba ka jin su sai dare ka ga ƙafa duk ta yi ruɗu-ruɗu.

Anti_Zulai:
Abba a Fabrairu za ka tura dattijo wannan hanyar? Tsakiyar daminarsu ke nan fa, ƙasa na zaftarewa ta toshe titi. Ita ma shahararriyar hanyar Inka ta kwana huɗu da yake tambaya, mai kilomita kusan 43, rufe ta ake yi duk Fabrairu don gyara, to ka ga ma an hutar da shi. Kufan dai a buɗe yake. Baban Ilham ka sayi rigar ruwa ta leda, kuma in ka shiga ka tarar hazo ya rufe ko'ina kada ka yi saurin wucewa, ka ɗan jira a sama yakan yaye.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Likita AA nake alhamdulillah, amma hawan jini na ɗan taɓa ni, zan ga likitana kafin tafiya. Anti saura abinci, me kika ci a can?

Anti_Zulai:
Kifi da dankali da masara da ƙwai, su na riƙe. Kifin ruwan sanyi da suke kira trucha kusan ko'ina akwai shi. In ka ga chicharrón a takardar abinci yawanci alade ne, tsallake, cuy kuma wata 'yar dabba ce dangin ɓera da suke gasawa ɗungurungum har da kai. Ka tafi da yajinka da dabino, da 'yan canjin kuɗinsu sol saboda ban ɗakin bakin ƙofar ma biya ake yi.