Wane irin famfas na manya ya dace da tsohuwa mai takawa da sanda?

'Yar Gangare ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa jinyar tsofaffi ko suka san aikin asibiti. Mahaifiyata ta haura shekara 70, kuma tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki bara ta daina iya riƙe fitsari kamar da. Alhamdu lillahi tana tashi da kanta, tana takawa da sanda, hankalinta kuma garau yake, amma da rana idan fitsari ya matsa mata yakan kufce kafin ta kai banɗaki, da dare kuwa sai dai a wayi gari zani da katifa sun jiƙe. Ga hunturun Jos ya fara shigowa, kuma jikin tsufa ba zai jure kwana cikin danshi ba.

A yanzu audugar mata muke ba ta da rana, da dare mu ninka tsohon zani mu shimfiɗa leda a ƙarƙashi, amma babu wanda yake tsare komai a cikinsu. Da na je kemis a Terminus an zube mini iri-iri: akwai mai mannewa a gefe, akwai wanda ake zurawa kamar wando, akwai kuma falle da ake shimfiɗawa a gado, sai na dawo gida ban saya ba. Wanne ya dace da ita, kuma yaya ake sanin girman da zai yi mata daidai? Wata damuwar ita ce Hajiya ta ce ita ba jaririya ba ce da za a ɗaura mata famfas, kuma abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne tsarkinta na salla.

Tsohuwar Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu da jinya, 'yata, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da zan fara gaya miki shi ne ki daina neman abu guda da zai yi mata aikin rana da dare, domin bukatarta biyu ce, kuma yawancin asarar kuɗin da masu jinya suke yi daga nan take fitowa.

Audugar mata ba za ta taɓa wadatarwa ba, saboda an yi ta ne don jini, wanda yake da kauri kuma yake zuwa kaɗan-kaɗan, alhali fitsari ruwa ne tsinkakke da yake zubowa gaba ɗaya. Mafitsarar babban mutum idan ta cika takan ɗauki kusan rabin lita, wato kwatankwacin ledar fiya wata guda, to ki auna da kanki ko audugar da kike saya za ta iya shanye wannan a lokaci ɗaya. Kayan da aka yi don fitsari suna da wani gari a cikinsu wanda yake kumbura ya daskare da zarar ruwa ya taɓa shi, shi ya sa ko an zauna a kai ruwan ba ya komowa kan fata, kuma zarni yana raguwa.

Da rana, tunda tana tafiya, ki saya mata wanda ake zurawa kamar wando. Za ta iya sauke shi da hannunta mai lafiya ta yi fitsari a banɗaki ta mayar, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin tsohon da aka ɗaure da mai mannewa da rana yakan daina ƙoƙarin zuwa banɗaki, daga nan ƙafa ta ƙara mutuwa, mafitsara ta ƙara lalacewa. Irin wannan ne kuma zai fi sauƙin karɓuwa a wurinta. Kada ki ambaci famfas ko kaɗan, ki ce mata wandon ciki ne da likitoci suke ba masu irin larurarta, ki ajiye shi cikin kayanta, kuma kada a yi zancensa a gaban jikoki ko surukai.

Da dare ki koma ga mai mannewa, wanda aka rubuta cewa na dare ne ko mai shanyewa da yawa, domin ƙunshinsa ya fi tsawo ta baya, inda fitsari yake gangarawa idan mutum yana kwance. Falle na gado, wanda aka fi samu mai santimita 60 da 90, kariya ce ga katifa kawai, ba ya maye gurbin na jiki. Ledar da kike shimfiɗawa ki sa ta ƙarƙashin zanin gado, kada ta taɓa fatarta, saboda tana tara gumi kuma tana yin sanyi da asuba.

Game da girma, ki nemi tef ɗin tela ki auna ƙugunta, ki auna kuma mazaunai a inda suka fi faɗi, sai ki ɗauki adadin da ya fi yawa ki kwatanta da ma'aunin da ke bayan leda. Mutane da yawa suna sayen mafi girma da zaton ya fi shanyewa, alhali girma daban, ƙarfin shanyewa daban. Wanda ya yi yawa yakan bar kafa a matsematsi, kuma ta nan yoyo yake fita tun ƙunshin bai jiƙe ba. Wanda ya matse kuwa yakan bar jan zane a cinya har ya saɓule fata. Lokacin sakawa ki fara ninka shi gida biyu a tsaye don bakin roban da ke ciki ya miƙe, ki manne na ƙasa suna kallon sama, na sama suna ɗan kallon ƙasa, sannan ki zagaya da yatsa ki tabbatar roban ya kwanta a lungun cinya. Kada ki haɗa biyu, ɗaya kan ɗaya, domin bayan na ciki ba ya barin ruwa ya wuce, sai dai ya malala ta gefe.

Fata ita ce abin tsoro a nan. Duk lokacin canji a wanke da ruwan ɗumi, a tsane da tattausan ƙyalle ba tare da gogawa ba, a shafa mai ɗan kaɗan mai sinadarin zinki. Kada a lafta basilin ko a barbaɗa hoda, domin suna toshe fuskar ƙunshin ya kasa shan ruwa. Idan bayan gida ne ya fita, canji nan take ne, ko da yanzu aka saka.

Sannan ina roƙonki ki kai wannan magana gaban likitan da yake duba ta, ko a JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da ke Lamingo ne ko a wani wuri, kada kunya ta hana. Ciwon sanyin mafitsara, da ciwon sukari, da taurin bayan gida, da wasu magungunan hawan jini duk suna ƙara wannan matsala, kuma dukkansu ana iya gyara su. Ga mata masu ƙuruciya da za su karanta wannan, wadda fitsari yake zubo mata dare da rana babu tsayawa tun bayan doguwar naƙuda, nata yoyon fitsari ne da ake ɗinkewa, kuma a nan Jos akwai cibiyar wannan aiki a asibitin Jankwano, don haka kada ta zauna a gida tana sayen famfas.

Ɗan Bukuru ya amsa:

Allah ya saka wa Mama Nas da alheri, amma ina da ɗan ja game da na zurawa. Ni mahaifina nake jinya, kuma a wurinmu bai yi amfani ba, domin duk lokacin canji sai an cire masa wando da safa kafin a zura sabo, kuma a sanyin Disamba wannan azaba ce ga tsoho. Mai mannewa ana canza shi yana tsaye riƙe da bango, wando yana gwiwa. Sai dai na yarda cewa ga mace mai ɗaura zani wannan wahala ba ta taso ba, saboda haka 'yar'uwa ta duba nata halin.

Abin da na fi so in ƙara shi ne maganar kuɗi, don jinyar tsoho doguwar tafiya ce, kuma na zurawa ya fi tsada. Hanyar da ta rage mana kashe kuɗi ita ce mun daina jiran fitsari ya matsa masa. Ana raka shi banɗaki duk bayan awa 2 zuwa 3, ko yana ji ko ba ya ji, mun haɗa abin da lokutan salla don kada a manta, da dare kuma akwai fo da fitila kusa da gado. Da wannan, guda ɗaya yakan kai shi tun safe har la'asar a bushe. Mun kuma hana shi shayi mai ganye da goro daga la'asar, saboda dukansu suna tsokano fitsari, amma ba mu rage masa ruwan sha da rana ba, domin nas ta gargaɗe mu cewa fitsarin da ya yi kauri ya fi cin mafitsara kuma ya fi wari.

Ga masu jinyar maza, idan tsoho yana ɗiga kullum, yana yunƙuri kafin fitsari ya fito, mararsa kuma ta kumbura ta yi tauri, to wataƙila mafitsarar ce ta cika ta kasa juyewa saboda kumburin furostet, wato wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma wannan yana iya taɓa ƙoda. Asibiti ake kai shi, a can za su duba ko yana bukatar robar fitsari.

Mai Kemis a Farin Gada ya amsa:

'Yar'uwa, ni sayar da su nake yi, kuma shawarata ita ce kada ki sayi katan tun farko ko da an yi miki rangwame. Ki ɗauki leda guda, wadda galibi take ɗauke da 10, ki gwada. Girman L na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da L na wancan ba, haka ma zanen ɗigon ruwa da ake yi a jikin leda don nuna ƙarfin shanyewa, kowane kamfani da nasa ma'aunin, saboda haka ɗigo shida a nan ba ya nufin ɗigo shida a can.

Kuma ki yi lissafi da kuɗin da za ki kashe a yini, kada ki tsaya ga farashin leda. Mai araha da za a canza sau biyar, a kuma wanke zanin gado da safe, ya fi tsada a kan mai ɗan tsada da zai kai asuba. Ki nemi wanda bayansa yake kamar yadi maimakon mai santsin leda, domin yana barin iska ta shiga kuma ba ya yin ƙara idan ana tafiya, wanda hakan zai rage wa Hajiya jin nauyi a gaban baƙi. Yawancinsu suna da layi a waje da yake canza launi ko ya dushe idan ya jiƙe, sai ki duba shi ba tare da kin buɗe ba. Ki guji wanda ake sayarwa tsirara a buhu cikin kasuwa, domin garin da ke ciki yana jan danshin iska, ga kuma ƙura. Bayan amfani a naɗe a ƙulle a leda a kai bola, kada a jefa a masai ko salga, saboda yana kumbura ya toshe hanya.

Almajirin Malam ya amsa:

Game da tsarki, ki kwantar wa Hajiya da hankali, domin malamai sun daɗe da yin bayanin wanda fitsari yake kufce masa, kuma addini bai ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A mazhabar Malikiyya, idan zubar tana ɗaukar rabin lokaci ko fiye, ba ta warware alwala, sai dai an so ta sabunta alwala a kowace salla idan babu wahala. Idan kuwa lokacin da take a bushe ya fi yawa, to zubar tana warware alwala, sai ta sake. Abin da ya taɓa jiki ko tufa kuma, matuƙar yana zuwa kullum ko da sau ɗaya ne ba da son ranta ba, an yi mata rangwame a kansa. Abin da ya fi sauƙi a aikace shi ne a daidaita canji da shigar lokaci: ta je banɗaki, ta yi tsarki da ruwan ɗumi, a sa sabo idan na jikinta ya jiƙe, ta yi alwala ta yi salla ba tare da jinkiri ba. Zai yi kyau wata malama da take girmamawa ta gaya mata wannan da bakinta, domin tsofaffi sun fi natsuwa da hukunci idan ba daga 'ya'yansu ya fito ba.

'Yar Gangare ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mama, na auna kamar yadda kika ce, kuma mazaunai sun fi ƙugu sosai, don haka da su na yi amfani. Ta karɓi na zurawa da rana ba tare da gardama ba, amma na dare har yanzu yana ɗan yoyo ta baya wajen asuba. Na kuma duba magungunanta na ga akwai Lasix, wanda take sha safe da yamma saboda kumburin ƙafa. Ko in daina ba ta na yamma?

Tsohuwar Nas ta amsa:

A'a, 'yata, kada ki taɓa maganin da kanki. Gaskiya ne Lasix yana sa fitsari, kuma na yamman yana iya zama sanadin jiƙewar dare, amma likita ne zai ce ko a dawo da shi da rana, kuma sau da yawa hakan suke yi idan aka gaya musu. Kafin ranar ganin likita, ki riƙa sa ta kishingiɗa ta ɗora ƙafafu a kan matashi bayan la'asar, domin ruwan da ya taru a ƙafa ya fita tun kafin barci, ta kuma tsayar da shan ruwa kamar awa 2 kafin kwanciya. Yoyon baya kuwa, ki ja ƙunshin ya haura sosai ta baya lokacin sakawa, ki tabbatar rigarta ko zaninta bai shige cikin bakinsa ba, don yadi yana janyo ruwa waje. Idan duk da haka yana cika, ki raka ta fo sau ɗaya cikin dare. Ki kuma rubuta lokutan da take jiƙewa na kwana uku, da abin da ta sha, ki tafi da takardar asibiti.